Maganar Gwaggo a Bakin Wani: Yadda Muka Gyara Kundinmu



Yawancin abin da muke tattaunawa a wannan zaure a kan gangar jikin rubutu ne: yadda za a buɗe labari, yadda za a gina tauraro, inda waƙafi ya dace da inda aya ta dace. Yau muna so mu ɗan ratse, mu yi magana a kan abin da ke tafiya tare da rubutu amma ba a cika lissafa shi cikin rubutu ba. Muna nufin kwanan wata, da lokaci, da wuri, da sunan wanda ya yi maganar. Masu ilimin kwamfuta suna da sunan da suke kiran waɗannan abubuwa da shi a Turance. Mu a tsakaninmu "bayanan rakiya" muke ce musu, domin aikinsu ke nan, su raka rubutu duk inda zai je. Kamar ambulan ne da wasiƙa. Komai kyawun wasiƙa, idan aka sa ta a ambulan ɗin wani, gidan wani za a kai ta.

Mu huɗu ne muke aiki tare, maza biyu mata biyu. Burinmu mu rubuta ƙagaggen labari a kan rayuwar ƙauye a shekarun 1960 da 1970, zamanin gyaɗa da auduga, zuwa babban farin nan na wajen 1973. Babu ɗayanmu da ya ga wannan zamani da idonsa, don haka muka yanke shawarar zuwa wurin waɗanda suka gan shi. Duk Asabar mukan je ƙauyen iyayen ɗayarmu, mu zauna da dattawa, su yi ta ba mu labari muna rubutawa. Cikinsu akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo, mace mai kaifin tunani da rashin tsoron faɗar abin da ta sani. Akwai kuma wani dattijo maƙwabcinta da muke ce wa Baba. Wani lokaci sukan yarda mu naɗi muryarsu a waya. Wani lokaci Gwaggo takan ce, "Ku kashe abin nan, yau maganar ta kunne ce." A irin waɗannan ranaku abin da yatsunmu suka rubuta shi ne kawai abin da muke da shi.

Rubutun a wata manhajar ajiye bayanai muke yin sa, irin wadda ke buɗe sabon shafi kowace rana kamar dayari. Mun haɗa ta da wani ɗan ƙaramin ƙari da wani bawan Allah ya ƙirƙira ya sake wa jama'a kyauta. Aikinsa shi ne duk lokacin da mai magana ya canja, sai a taɓa wani maɓalli, a zaɓi suna, shi kuma ya buga layi guda mai ɗauke da lokaci da suna da wuri. Wannan layin muke kira hatimi. Duk abin da ya biyo bayan hatimi na mai hatimin ne, har sai wani hatimin ya shigo. Lokacin da ake rubutu komai daidai yake fitowa a fuskar waya. Sai an rufe shafi ne ƙarin yake shigar da hatiman cikin ainihin fayil ɗin. Tsarinmu kuwa shi ne mu tara na shekara guda tukuna, sannan mu zauna mu fara tsara labari.

Kafin shekarar ta cika, Allah Ya yi wa Gwaggo rasuwa. Allah Ya jiƙanta.

Da muka zauna karatun abin da muka tara, sai muka iske wata jimla a ƙarƙashin hatimin Baba: "Gonar bakin rafi jinginar da ita aka yi, ba sayarwa ba." Wanda bai san ƙauyen ba zai wuce ta kamar kowace jimla. Amma gonar nan a hannun dangin Baba take, kuma dangin Gwaggo sun daɗe suna cewa tasu ce. A bakin Gwaggo, jimlar iƙirari ce irin wadda kowa ya saba ji daga gare ta. A bakin Baba kuwa ta zama amsa laifi, ta zama shaidar da wani zai iya ɗauka ya kai gaban mai gari. 'Yar'uwarmu da ta rubuta shafin ta ce tana tuna ranar sarai, Gwaggo ce ta faɗa tana gyara ɗankwalinta, Baba bai ma iso ba tukuna. Ba a sauya ko harafi ɗaya a jimlar ba, amma rubutun ya yi wa mutum biyu ƙarya: ya ƙwace maganar mamaciya, ya ɗora wa mai rai abin da bai faɗa ba. Magana zarar bunu ce. Da kundin ya fita hannunmu a haka, da ba mu san inda za ta tsaya ba.

Muka bi sauran shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ashe ɓarnar ta fi haka yawa. A wasu wurare hatimi ya faɗo a tsakiyar jimla, a wasu ma a tsakiyar kalma. Masu kwamfuta suna kiran irin wannan tangarɗa da kalmar da ma'anarta ita ce ƙwaro. Kalmar tsohuwa ce a bakin injiniyoyi, amma akwai labarin da ya ƙara mata suna. Ranar 9 ga Satumba, 1947, ma'aikatan wata katafariyar kwamfuta mai suna Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka, inda Grace Hopper take aiki, suka sami wani ƙwaro mai fiffike, irin masu bin fitila, ya maƙale a cikin na'urar. Suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu na yau da kullum, suka rubuta lokaci da lambar wurin da aka same shi. Littafin yana nan a gidan tarihi a birnin Washinton. Abin da ya burge mu a labarin shi ne, abin da ya mayar da mataccen ƙwaro ya zama tarihi bayanan rakiyarsa ne. Ba don lokaci da wuri da aka rubuta a gefensa ba, da shara ce.

Namu ƙwaron ba a ganin sa da ido, sai dai a bi sawunsa. Ɗaya daga cikinmu ya karanta ilimin kwamfuta, shi ya ce kada kowa ya taɓa gyara komai da hannu tukuna, mu fara rubuta abin da muke gani. Muka sami alamomi biyar. Hatimin farko na kowane shafi kullum daidai yake. Duk yadda aka ƙara gangarawa ƙasa, haka kaucewar take ƙaruwa. Kaucewar kullum baya take yi, ba ta taɓa yin gaba ba. A wasu wurare akwai wata baƙar alama mai siffar daiman da alamar tambaya a cikinta, dab da hatimi, a inda ya kamata a ga harafi. Ta biyar ita ta fi ɗaure mana kai: shafukan da ɗayanmu ya rubuta a watannin farko lafiya lau suke, babu ko hatimi ɗaya da ya kauce.

Me ya bambanta shi da mu? Waya iri ɗaya, manhaja ɗaya, ƙauye ɗaya. Sai da muka jera shafinsa da na wata kusa da kusa muka gani. A lokacin, allon rubutun wayarsa ba shi da haruffa masu ƙugiya. K yake sawa a madadin ƙ, d a madadin ɗ, b a madadin ɓ. Daga watan da ya sauya allon rubutu ya fara sa ƙugiya, nasa hatiman ma suka fara tafiya baya.

A nan sai mun ɗan shiga cikin na'ura, amma ku yi haƙuri, abin ba shi da wuya. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tana ajiye komai a ƙananan gurabe da ake kira bayit. A 1963 aka fitar da wani tsari a Amurka mai suna ASCII, wanda daga baya ya ƙunshi alamomi 128: haruffan Ingilishi manya da ƙanana, lambobi, da alamomin rubutu. Kowace alama gurbi ɗaya ya ishe ta. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu haruffan Larabci. A 1991 aka fitar da Unicode domin a ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa. A 1992 kuma wasu masana biyu, Ken Thompson da Rob Pike, suka tsara hanyar ajiye waɗannan lambobi da ake kira UTF-8, wadda ita ce mafi yawan shafukan intanet ke amfani da ita a yau. A wannan tsari, tsofaffin alamomin nan 128 suna nan a gurbi ɗaya ɗaya. Amma ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ ɗin da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, kowannensu gurbi biyu yake ci. Haruffan Larabci ma biyu biyu. Lanƙwasasshiyar alamar nan da wasu wayoyi ke sawa da kansu a kalmomi irin su 'ya'ya da sa'a, gurbi uku take ci. Fuskokin dariya da na kuka da muke turawa juna kuwa, yawancinsu huɗu. Saboda haka kalmar "ƙasa" harafi huɗu ce amma gurbi biyar. "Ƙanƙara" harafi bakwai, gurbi tara.

Abin da ƙarin nan yake yi shi ne, idan an taɓa maɓalli sai ya ƙirga haruffa tun daga farkon shafi zuwa inda aka tsaya, ya riƙe adadin. Idan an zo rufe shafi sai ya je fayil ya ƙirga gurabe daidai wannan adadi, ya buga hatimi a nan. Ku ɗauka a tasha aka ce wa yaron mota ya ajiye kaya a bayan fasinja na goma, shi kuma ya ƙirga kujeru goma, alhali mutum uku a gaba kuɗin kujera biyu biyu suka biya. A bayan fasinja na bakwai zai ajiye. A rubutun Ingilishi zalla yawan haruffa da yawan gurabe ɗaya ne, don haka ba za a taɓa ganin matsalar ba. A Hausa kuwa, kowace ƙugiya tana jan hatimi baya da gurbi ɗaya. Shi ya sa na farko ke daidai, domin babu abin da ya gabace shi. Shi ya sa na ƙasa suka fi kaucewa, domin ƙugiyoyin sun taru. Baƙar alamar nan kuma ita ce inda hatimi ya faɗo a tsakanin gurabe biyu na harafi ɗaya, ya raba shi gida biyu, na'ura ta rasa yadda za ta karanta kowane rabi.

Muka koma shafin gonar muka ƙirga. Daga farkon shafi zuwa inda Gwaggo ta gama magana akwai ƙarin gurbi 56. Jimlarta ta ƙarshe kuwa, da tazarar kalmominta da waƙafinta da ayarta da tsallaken layi, gurbi 56 ce cif. Hatimin Baba ya tsallake ta gaba ɗaya ya sauka a farkonta, tsaf kamar da gangan. Inda ya yanke kalma a tsakiya kowa zai gane an sami matsala. Inda ya sauka a kan gaɓa, babu abin da zai nuna.

Da muka gane dalili, sai wata shawara ta fito wadda muka san da yawanku za ku yi tunaninta: to mu daina sa ƙugiya mana, tunda ita ke jawo fitinar. Ai mutane da yawa haka suke rubutu a waya, kuma ana fahimta. Mun daɗe a kan wannan magana. Abin da ya raba gardamar wata jimlar Gwaggo ce daga shafukan farkon nan marasa ƙugiya, a ranar da ba ta yarda an naɗi murya ba. Tana ba da labarin ranar da aka kai ta gidan miji, sai aka rubuta: "A daka muka wuni." To a ɗaka suka wuni, amarya da ƙawayenta suna zaune? Ko a daka suka wuni, ana ta surfe da dakan abincin biki? Duka biyun Hausa ce mai kyau, duka biyun suna iya faruwa a ranar biki, amma hoto biyu ne mabambanta ga mai rubuta labari. Wanda ya rubuta ya ce yana jin ɗaka ta ce, sai dai ba zai rantse ba. Wadda za a tambaya kuwa tana ƙasa. Haka baƙi da baki suke, haka ƙafa da kafa, haka ɓata da bata. Tun shekarun 1930, zamanin da Hukumar Talifi ta Zariya ke fitar da littattafan Hausa na farko-farko, aka shigo da haruffan nan cikin rubutun boko, domin sautukan suna nan a bakinmu kuma suna bambanta ma'ana. Idan takalmi ya matse, takalmin ake kai wa baduku. Muka tsaya a kan cewa manhajar za a gyara.

Gyaran kansa bai kai rabin wahalar binciken ba. Da farko ɗan'uwanmu ya sa muka sake haifar da matsalar a ƙaramin wuri, inda babu abin da zai ruɗe mu. Muka buɗe sabon shafi, muka rubuta harafin a sau goma, muka buga hatimi, muka rufe muka buɗe. Daidai. Muka rubuta ƙ sau biyar da a sau biyar, muka buga hatimi. Ya koma baya da gurbi biyar, kamar yadda lissafi ya nuna. Daga nan zato ya zama tabbas. Da yake wanda ya ƙirƙiri ƙarin ya bar umarnin da ya rubuta a buɗe ga kowa, ɗan'uwanmu ya bi har ya sami wurin da ake ƙirgar. Abin da ya sauya bai wuce layi biyu ba: kafin a ƙirga, a fara mayar da rubutun zuwa gurabe, domin a auna da abin da za a yanka da shi. Sannan muka gwada da duk abin da muka san yana shiga rubutunmu: ƙugiya manya da ƙanana, addu'a da haruffan Larabci, lanƙwasasshiyar alama, fuskar dariya. Kowane hatimi ya zauna inda aka ce ya zauna.

Ba mu tsaya a kanmu ba. Muka rubuta wa mai ƙarin takaitaccen bayani: ga abin da muka yi, ga abin da muka sa ran gani, ga abin da muka gani, ga ƙaramin shafin gwaji mai harafi goma, ga kuma gyaran da muka yi. Babu zagi, babu dogon ƙorafi. Ya amsa cikin mutunci, ya ce da Ingilishi kawai yake rubutu, bai taɓa cin karo da abin ba, ya kuma shigar da gyaran domin kowa. Wannan ya tsaya mana a rai. Masu ƙera waɗannan kayan aiki ba za su san inda suke cutar da Hausa ba sai mai rubuta Hausa ya faɗa musu. Gyaran da aka yi saboda ƙ zai amfani mai rubuta Fulatanci da Yarbanci da Larabci da Faransanci, domin duk suna da haruffan da suka wuce gurbi ɗaya.

Saura tsofaffin shafuka. Gyaran manhaja yana hana sabuwar ɓarna ne kawai, ba ya komawa ya ɗinke ta baya. Muka fara da kwafe komai muka ajiye a wuri biyu, domin idan gyara ya ɓaci a sami abin komawa. Tunda mun san kaucewar lissafi gare ta, ɗan'uwanmu ya rubuta ɗan gajeren umarni da ke ƙirga ƙarin guraben da suka gabaci kowane hatimi, ya tura shi gaba daidai wannan adadi. Duk da haka ba mu miƙa wa lissafi wuya ba. Ranakun da muke da murya muka saurara muna bin rubutu layi layi. Ranakun da babu murya muka duba 'yar jakar takardun da ɗayarmu ke ɗan zana sunaye da lokaci a ciki da biro. Haruffan da aka raba biyu kuwa da hannu muka mayar da su, muna duba kalmar da ke kewaye da su. Aikin ya ci mana ƙarshen mako uku.

Muna cikin wannan bitar muka ci karo da wata kaucewar ta daban, wannan karon a kwanan watan da ke saman shafi. Duk abin da muka rubuta tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, a shafin jiya yake faɗawa. Dalili shi ne na'urori da yawa suna riƙe lokaci da agogon duniya na bai ɗaya, wanda ya yi daidai da na Girinwic. Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suna gaban wannan agogo da awa ɗaya. Ghana daidai take da shi, Sudan tana gabansa da awa biyu, Saudiyya da uku. Idan manhaja ba ta ƙara wannan awa ba, sha biyu da rabi na daren Kano a wurinta sha ɗaya da rabi ne na jiya. Wannan a wurin saiti muka gyara shi, muka faɗa mata yankinmu. Sai dai ya tuna mana da cewa ko a bakinmu dare yana da ruɗani. Idan Bahaushe ya ce daren Juma'a, daren da ya biyo bayan yinin Alhamis yake nufi, domin a lissafin Hijira da faɗuwar rana sabuwar rana ke shiga. Ga kuma rubuta kwanan wata da lambobi zalla: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke kuwa 4 ga Maris. Saboda irin wannan aka fitar da ƙa'idar duniya a 1988 mai suna ISO 8601, wadda ke fara wa da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-04-03. Sunan fayil da aka rubuta haka, da kansa yake jeruwa bisa tsarin kwanaki.

Abin da muka fitar daga wannan duka tsoho ne a wurinmu. Malamanmu na dauri da suke rubuta waƙa da ajami sukan saka shekarar da suka yi ta a cikin baitocin ƙarshe, ta hanyar ramzi, wato haruffan da idan an haɗa lissafinsu sai shekarar Hijira ta fito. Da haka ake gane lokacin da aka yi waƙoƙi da dama na Nana Asma'u da na zamaninta. Masu kwafar littattafai ma sukan rufe da ambaton sunansu, wani lokaci har da ranar da suka kammala. Sun san takarda za ta tsufa, za a kwafa, za a sake kwafa, bango zai yage. Abin da aka saƙa cikin jikin rubutu shi ke tsira. Mu a yau mun bar wa na'ura wannan aiki, tana ajiye mana shi a gefe, inda ba ma gani. Kwafe fayil daga waya zuwa waya yana iya sauya kwanan watan da ke jikinsa. Yawancin manhajojin tura saƙo suna goge bayanan da ke rakiyar hoto idan an tura shi. Wanda ya dogara da kwanan watan fayil domin ya nuna shi ya riga wani rubuta labari, ranar da aka yi masa satar fasaha zai iya samun hujjarsa ta sauya ba da saninsa ba.

Ga abin da muke yi yanzu, wanda muke ba duk mai ajiye dayari ko kundin bincike shawarar ya gwada:

Na ɗaya, jimlar farko ta kowane shafi da hannunmu muke rubuta ta, da kalmomi: yau Asabar, kaza ga wata kaza, shekara kaza, a wuri kaza, da hantsi. Ko manhaja ta sa nata, namu yana nan.

Na biyu, idan maganar wani muke ɗauka, sunansa yana shiga cikin jimlar: Baba ya ce, Gwaggo ta ce. Idan magana ce mai nauyi, ta gado ko ta aure ko ta bashi, mukan maimaita sunan a ƙarshenta.

Na uku, kafin mu amince da kowace sabuwar manhaja mukan yi mata gwajin ƙugiya. Mu rubuta sakin layi mai cike da ɓ da ɗ da ƙ, mu rufe, mu buɗe, mu tura wa juna, mu nemi wata kalma mai ƙugiya a wurin bincike, mu ga abin da zai dawo.

Na huɗu, shafin da aka rubuta yau a sake buɗe shi a karanta a cikin makon, tun ƙwaƙwalwa tana riƙe da wanda ya faɗi me.

Na biyar, kwafi a wuri biyu, da 'yar takarda da biro a aljihu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Marubuci amana yake ɗauka. Mutane suna buɗe mana bakinsu ne bisa yardar cewa za mu mayar wa kowa maganarsa, a ranarta, a wurinta. Ko da ƙagaggen labari za mu gina a kai, tubalin da muka ɗebo daga bakin mutane ya kamata mu san na wane ne.

Aikin wannan mako mai sauƙi ne. Kowa ya buɗe wurin da yake ajiye rubutunsa, ya zaɓi tsofaffin shafuka uku, ya tambayi kansa: idan an cire duk abin da na'ura ta rubuta a gefe, zan iya sanin ranar da na rubuta wannan, da inda nake, da wanda ya faɗa? Sannan ya yi wa manhajarsa gwajin ƙugiya, ya zo ya ba mu labarin abin da ya gani. Wanda ya sami tangarɗa kuma bai san yadda zai rubuta wa masu manhajar ba, ya yi magana, za mu taya shi tsara bayanin.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su zama masu riƙon amana. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.